Kube da ƙaramar libarba: amsar maigida ga yaronsa

Ka ce wani ɗan kasuwa mai takardar izini ya tambaye ka wace ƙaramar libarba zai saya wadda za ta ɓuya ƙarƙashin riga, don mu ɗinka mata kube. Ɗana, kafin komai, ka ga takardar da idonka? A nan Nijar ma'aikatar cikin gida ke ba da izinin riƙe bindiga, kuma lambar da ke jikin ƙarfen dole ta zo daidai da ta takarda. Wanda ya ce maka "tana hanya", ka ce masa kuben ma yana hanya. Ku yaran yanzu da an nuna muku hoto a waya sai ku ɗauki wuƙa ku hau fata.

Abin da zai ɗauka kullum cikin zafin Damagaram, nauyi da tsatsa ne za su yanke hukunci. Ƙananan Smith & Wesson masu cin harsashi 5 na .38 Special, masu baki mai tsawon kamar santimita 5, su ne ma'auni. Model 36 da ta fito a 1950 baƙin ƙarfe ce, gram 550 ko kusa, tana zama a hannu in an harba, amma gumi na cinta. Model 60 ta 1965 ƙarfenta ba ya saurin tsatsa, ita nake zaɓar wa mai yawan gumi. Model 642 jikinta alminiyom ne, gram 420 ko kusa, kuma ɗan ƙarfen baya mai sarar harsashi a rufe yake, ba abin da zai kama aikin wuyan riga ko bakin aljihu in an zaro ta. Sai dai rashin nauyi na da kuɗinsa: tana dukan tafin hannu, wanda bai saba ba zai daina gwaji da ita, mai bindigar da ba ya gwaji kuwa haɗari ne ga iyalinsa. Kada ya ruɗu da mai cin harsashin .357 Magnum, wanda ya fi .38 ƙarfi, a ƙaramin jiki, ƙara da duka ne kawai. Ta .357 tana cin harsashin .38 Special, amma ta .38 ba a sa mata na .357.

In tsohuwa ce daga hannun wani, a zazzage harsashi duka, a duba ramukan gangar, wato abin da ke juyawa da harsasai, ɗaya bayan ɗaya. Ganga ta kulle a kowane rami kafin sara ta sauka, kada ta yi rawa gaba da baya, tsakaninta da baki kuma kada ya wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu. In ta wuce haka, a kai wa mai gyara, wannan ba aikin baduku ba ne.

Abin da ya sa nake ɗaga murya kan wannan, wani ne ya cuce ni, har yau in na tuna raina na ɓaci. Ya zo da mai cin 5, ya ce kube yake so na ƙirgi mai kyau, har da ɗamara. Na je majema na zaɓi gadon bayan ƙirgi da kuɗina, na jiƙa, na naɗe bindigar cikin leda, na danna fatar a jikinta har kowane lungu ya fito, ta bushe a inuwa, na ɗinke da zare mai kakin zuma. Ko dala bai ajiye ba, wai mu ƴan unguwa ɗaya ne. Ashe ya je ya yi musaya da wata Colt mai cin 6. Gangarta ta fi faɗi da kamar milimita 2, kuma a kuben da aka gina a jikin ƙarfe wannan ya isa ya hana shiga. Ya dawo yana tura ta da ƙarfi a gabana har ɗinkin bakin ya buɗe, ya rantse ita ce ya kawo tun farko. Ya ɗauke ɗamarar wai ladan ɓata masa lokaci, ya bar mini kuben da ba mai saye, jika 25 ta tafi. Bai tsaya nan ba, sai da ya bi Kasuwar Dole yana cewa idona ya mutu, ban iya awo ba. Mutum biyu suka janye aikinsu saboda bakinsa. Shi ya sa a rumfar nan ake rubuta samfuri da lambar bindiga a littafi, a karɓi rabin kuɗi, sannan a taɓa fata.

Yanka da ɗinki ba zan tsaya koya maka ba, kana gani kullum. Fata dai kada ka kuskura ka ɗauko jar fatar akuya da muke jaka da ita. Tana da kyau a ido, amma taushinta na sa ta lanƙwashe ta shiga wurin kunama in ana mayar da bindiga, haka mutum ke harbin cinyarsa. Ƙirgi jimar bagaruwa, kauri milimita 3 zuwa 3 da rabi. Fatar kanti mai shuɗin ciki, wadda aka jeme da sinadari, tana sa ƙarfe tsatsa. Kube ya rufe kunama ruf, bakinsa ya tsaya a buɗe ko babu komai ciki, kuma ba a shafa masa mai, don mai na sake fata. Zariyar wando ba ta ɗaukar rabin kilo, sai ɗamara mai faɗin santimita 4. Ka kuma faɗa wa ɗan kasuwan ƙurar hunturu na taruwa cikin kube tana goge ƙarfe kamar yashi, ya riƙa fitar da bindigar yana sharewa kowane dare.

In ka gama, ka tabbatar babu harsashi, ka sa ta ciki, ka kife kuben bisa tabarma ka girgiza. In ta faɗo, kwance ɗinkin ka sake. Jeka kira shi, ya zo da takardarsa.