Ina ruwanmu da ƙanƙarar Antatika?

Tambaya: Malam barka da aiki, don Allah naji wai turawa na haƙa ƙanƙara a Antatika suna kashe maƙudan kuɗi, me suke nema ne? Mu dai nan zafi ke cinmu. Daga ɗalibinka a Nima, Accra.

Amsa: Ɗan'uwa tambayarka tayi. Antatika nahiyar ƙanƙara ce a can ƙarshen kudancin duniya, kuma iska suke nema a can, wallahi ba wasa nake ba. Duk shekara dusar ƙanƙara na zuba kan ta bara tana danne ta, sai ƴan ƙananan kumfa na iskar wancan zamanin su maƙale a ciki, to su masanan sai su zura injin haƙa su zaro ƙanƙarar doguwa kamar rake, su yanka su auna yawan kabon ɗin dake ciki, wato iskar nan mai riƙe zafi a duniya. Wadda turawan Yurof suka zaro a wani wuri a Antatika da ake kira Dome C, zurfin sama da kilomita 3, ta nuna yanayin duniya na shekara 800,000, kuma a duk tsawon nan kabon bai taɓa kai na yau ba.



Batun ina ruwanmu kuwa, ƙanƙarar nan in zafi ya sa ta narke teku take shiga, teku kuma ya ƙara tashi. Kaje Keta, garin nan na bakin teku a Ghana, ka tambaya gidaje nawa ruwa ya riga yaci.