Amsa ga Kyaftin: a fara da fili da ƙwallaye, kofi ya jira

Kyaftin, sannu da ƙoƙari. Tun da aka sako tsohon hoton faretin intahaus kowa ya tuno da nasa: masu lasar gulukos a tafin hannu bayan tseren mita 400, 'yan jan igiya, da wanda ya yar da sanda a tseren miƙa sanda har yau 'yan gidansu ba su yafe masa ba. Cikin hirar ne ka ce 'yan ajinmu sun yi karo-karo, ana so a tara yaran unguwa 'yan shekara 8 zuwa 15 a riƙa horar da su ƙwallo, ka tambayi da me za a fara, kuma ko a buɗe da gasar cin kofi.

Kada a buɗe da gasa. Ranar intahaus ce ta zauna mana a rai, amma abin da ya gina 'yan wasan shi ne yammacin wasanni da ba ya tashi, da malamin wasanni mai usur da rajista. Gasa ta mako biyu za ta cinye kuɗin a jesi, kofi, rumfa da lasifika, a watse, yaran su koma inda suke. Ga kuma rigima, domin da zarar an ajiye kofi a tebur kowace unguwa za ta nemo ƙato mai gemu ta ce shekararsa 14.

Fili shi ne farko, kuma a same shi a rubuce. In filin makaranta ne, takarda daga shugaban makaranta mai ɗauke da ranaku da sa'o'i. In filin unguwa ne, a zauna da mai unguwa da samarin da suka saba buga tamaula a wurin, don in ba a raba lokaci da su ba, ranar farko za su kori yaran da ƙarfe biyar. Kafin a taɓa ƙwallo a jera yaran kafaɗa da kafaɗa su taka filin daga wannan kai zuwa wancan, suna tsince kwalba, ƙusa da tsakuwa. A cike ramuka da ƙasa a daddaɓe, ban da yashi zalla, ƙafa na nutsewa a ciki ta gurɗe. Tsidau kuma a tuge shi da saiwarsa kafin ya yi ƙaya, shi ke huda ƙwallo da tafin ƙafa.

Babban kuskuren masu horar da yara a garin nan na Zariya shi ne zuba su goma sha ɗaya-goma sha ɗaya a filin manya. Yaro ɗan shekara 9 a fili mai tsawon mita 100 zai yi minti goma bai taɓa ƙwallo ba, wanda ya fi ƙarfin duka shi ne gwani, gola kuwa yana tsaye cikin raga mai faɗin mita 7.32 da tsayin 2.44, ko ya yi tsalle ba zai taɓo sandar sama ba. A raba su uku. 'Yan 8 zuwa 10 su buga bakwai-bakwai a fili kamar mita 55 da 37, raga mita 3.66 da 1.83, rabin lokaci minti 20 zuwa 25. 'Yan 11 da 12 tara-tara a mita 73 da 46, minti 30. Daga 13 ne za a shiga babban fili, minti 35. A atisaye ma a ƙara matsewa: huɗu-huɗu ko biyar-biyar a mita 37 da 27. Filin sakandare ɗaya zai ɗauki irin wannan guda huɗu, yara arba'in suna wasa lokaci guda ba mai zaman jira.

Fitar da kusurwa ba ya buƙatar safiyo. A samu igiya mita 12, a yi ƙulli a mita 3, wani a mita 7, a haɗa bakunan biyu. Mutum uku su ja ta ta miƙe, kusurwar da ke tsakanin gefen mita 3 da na mita 4 ita ce daidai. In an gama kusurwa huɗu a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, in awon bai zo ɗaya ba filin ya karkace. Layi da toka ko farar ƙasa. Baƙin man inji da aka saba zubawa yana daɗewa, amma yana kashe ciyawa yana ɓata kaya. Turakun raga na ƙarfe dole a binne su aƙalla rabin mita ko a kafe su ta baya, saboda yara na lilo a sandar sama, in ta kife a kan yaro ba ƙaramin abu ba ne. Na ƙananan fili bututun roba na famfo ya isa.

Kuɗin da aka so a kai wa mai jesi a kai wa mai ƙwallo. Ƙwallo ɗaya ga yara biyu shi ne abin nema, in bai samu ba kada ta gaza ɗaya ga huɗu. Lamba 4 ga 'yan 8 zuwa 12, lamba 5 daga 13. Lamba 5 nauyinta giram 410 zuwa 450 ne, in ƙaramin yaro ya saba da ita sai ya koyi duka da ɗan yatsa don ta tafi, wannan ɗabi'a kuwa tana wuyar fita. Mai sheƙi irin ta talabijin ba ta jure jar ƙasarmu mai tsakuwa, a nemi mai ɗinkin hannu da fata mai kauri. A jiƙa allurar famfo kafin a soka, busasshiyar allura ce ke yaga bakin tiyub. Kada a bar su a but ɗin mota cikin rana, kada a zauna a kansu. Sauran kaya: famfo biyu, usur, riguna marasa hannu kala biyu, da murafen bokitin fenti ko robobin ruwa da aka cika da yashi don alama.

Takalmi ma akwai magana. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasar Zariya kamar siminti take, takalmi mai dogayen haƙora ba ya kama ta, sai dai ya dami diddige ya juya idon sawu. Kambas ya fi a wannan lokaci. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne haɗa mai takalmi da mai ƙafa zalla a wasa ɗaya.

Lokaci kuwa sai an bi ta kan Islamiyya, in ba haka ba iyaye za su janye yaransu cikin wata guda, kuma da gaskiyarsu. Yawancin makarantun allo da Islamiyyu na hutun Alhamis da Juma'a, to a ɗauki yammacin Alhamis bayan La'asar, a ƙara da Juma'a ko wata safiya a ƙarshen mako gwargwadon yadda malamansu suka tsara. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar. A tashi minti 20 kafin Magariba ko wasa ya yi daɗi. A Maris da Afrilu ba atisaye tsakanin sha ɗaya na safe da huɗu na yamma. Da azumi a rage zuwa wasa mara nauyi dab da shan ruwa, ko a ba da hutu. Da damina in an ji tsawa a fita daga fili, ba a fakewa gindin bishiya, kuma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba a dawo.

Yadda za a cika minti 70 na kowane atisaye shi ne inda tsofaffin 'yan wasa suka fi kuskure, don suna maimaita abin da aka yi musu: zagaye fili sau goma, tsallen kwaɗo, sai dogon layi kowa na jiran ya buga raga sau ɗaya. Yaro ba ya buƙatar a gina masa numfashi da zagaye, wasan da kansa zai gina. Tsallen kwaɗo kuwa gwiwa yake ci, a daina shi ko da sunan horo. Minti 10 na farko ɗumama jiki da ƙwallo a ƙafa: a zana murabba'i mita 20, kowa na jan tasa, in an busa usur ya tsayar da tafin ƙafa, ya juya, ya canza ƙafa. Minti 15 abu ɗaya tak, misali tarbar ƙwallo da cikin ƙafa a mayar, biyu-biyu a tazarar mita 5 zuwa 8, dama da hagu daidai wa daida. A lura da ƙafar da ke tsaye, ta zauna gefen ƙwallo tana kallon inda za a aika. Yawancin fasin da ke karkacewa daga nan ne, ba daga ƙafar bugu ba. Minti 15 mutum huɗu su kewaye ɗaya a murabba'in mita 10, wanda ya ɓatar ya shiga tsakiya. Ragowar minti 30 wasa a ƙananan fili, ana canza abokan karawa. Ruwa duk bayan minti 15 zuwa 20, ba sai yaro ya roƙa ba. Tsohon zancen nan cewa shan ruwa a fili na sa ciwon ciki ko lalaci ba shi da tushe.

Bayanin koci kada ya wuce rabin minti, ya nuna da ƙafarsa ya sake su. Kuma ya bar ihun "buga gaba!" In aka zagi yaro duk sanda ya yi yanka ya rasa, zai daina gwadawa, ya zama mai jefar da ƙwallo da ta zo masa. Kafin shekara 12 kada a liƙa wa kowa lamba, kowa ya ɗanɗana baya, tsakiya, gaba har da gola. Dogon yaron da aka tura raga don tsayinsa wataƙila shi ne lamba tara. Bugun kai kuma a jinkirta, a Amurka tun 2015 aka hana shi ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa.

Takardar amincewar iyaye dole ce, da lambar waya da tambaya uku: yana da sikila, yana da asma, ya taɓa suma ko farfaɗiya? Mai sikila sai da shawarar likitansa, kuma ƙishirwa da gajiya mai tsanani na tayar masa da ciwo. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa, musamman da hunturu in ƙura ta sauko. A akwatin magani a sa bandeji, filasta, auduga, ruwan wanke ciwo, almakashi, safar hannu da kula ta ƙanƙara. In gishirin ORS ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Targaɗe: a zaunar da yaro, ƙanƙara cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a ɗaure, a ɗaga ƙafar. Ba murzawa, ba man zafi a ranar, suna ƙara kumburi. In ya kasa taka ƙafar ko gaɓar ta canza siffa, a kai asibiti a ɗauki hoto kafin kowa ya ja, don ƙashin yaro yana da wurin tsiro kusa da gaɓa, in ya taɓu aka ɗaura ba daidai ba ƙafar na iya girma a karkace. Wanda ya bugu a kai ya ji jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice, ya gama wasa a ranar ko ya rantse ya warke, a kai shi likita. Sannan tsakanin shekara 10 zuwa 15 za a ga masu kukan ciwo a ɗan tudun da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a diddige. Ba ƙarya suke ba, ƙashi ne ke tsawo jijiya na jansa. A rage musu tsalle da gudu na 'yan makonni.

Manya biyu a fili kowane lokaci, kuma ba yaron da zai je ɗakin koci ko a kai shi wani wuri shi kaɗai. Wannan kariya ce ga yaran da kocin baki ɗaya. Kocin a yanka masa alawus ko kaɗan ne, aikin sa kai zalla ba ya wuce zango ɗaya. In akwai hali a tura shi kwas na lasisin horarwa ta hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha.

Shekaru a rubuta na gaskiya tun ranar rajista, da takardar haihuwa ko ta firamare. Najeriya ta ci kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, amma tun gasar 2009 da aka yi a nan ƙasar FIFA ke ɗaukar hoton wuyan hannu don tantance shekaru, kuma an sha sallamar yara daga sansani a kan haka. Iyaye kuma a gaya musu tun wuri: duk wanda ya zo da zancen kai yaro Turai a biya kuɗin biza, a rufe masa ƙofa. Dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin shekara 18, in ban da 'yan togaciya da ba su shafi yaron Tudun Wada ko Gyallesu ba.

Ban so mu taƙaita a ƙwallon ƙafa ba. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, da ƙwallon ƙafa ya fara kafin ya koma kwando, ya bi ta hannun koci Oliver Johnson na ABU, ga shi a 2019 yana shugaban Toronto Raptors suka ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Sardauna kuma da wasan fayif, na dukan ƙwallo da hannu a jikin bango, aka san shi tun Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa. Sau ɗaya a wata a ajiye ƙwallo a yi tseren mita 60, dogon tsalle, miƙa sanda, har da langa, wadda ke koyar da tsayuwa a ƙafa ɗaya fiye da duk wani atisaye da za a ƙirƙiro. A rubuta sakamakon kowa a littafi.

Kofin naku ya zo bayan wata shida, a hutun Disamba kafin sanyi ya tsananta. Ku raba yaran gida huɗu da kanku, kuna gauraya ƙarfi da unguwanni, kowane gida ya kara da kowane, kowane yaro ya buga aƙalla rabin wasa. Shiga gasar sai wanda rajista ta nuna ya halarci kashi uku cikin huɗu na atisaye kuma ya kawo sakamakon jarrabawarsa na zangon. Ma'aji ya riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kada a taɓa, don kafin watan shida rabin ƙwallayen sun mutu, sai an sake saye.