Madubin da ke sunkuyawa idan an sa ribas

Tambaya: Malam, madubin motar yayana yakan sunkuya da kansa idan ya sa ribas. Ni kuwa kullum tayata sai ta gogi bakin kwalbati. Ana iya saka min?

Amsa: Ana iyawa, 'yar'uwa, muddin madubinki na lantarki ne. Idan yana riƙe saiti, wato yana tuna inda aka daidaita shi, kamar na wasu Volkswagen da Audi, sau da yawa kwamfuta kawai za a jona a kunna shi. In ba haka ba, mai wayarin zai ɗaura ƙaramar na'ura da ke jan wuta daga wayar fitilar ribas. Ki guji na'urar da ke aiki da ƙirga daƙiƙa, domin a kwana a tashi takan kauce da madubi daga inda aka saita shi. Kuma ki tsaya a naɗe wayoyin cikin ƙofa da kyau, ruwan damina na shiga can.