Tambaya da Amsa: Tiger ko T-34, wace ce gaba?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni makanike ne a Farin Gada, nan Jos. Kullum in an tashi aiki sai musu ya kaure a teburin mai shayi, abokina ya kafe wai a Yaƙin Duniya na Biyu ba tankar da ta kama ƙafar Tiger ta Jamus, ni kuma nace in haka ne me yasa Jamus ta sha kashi? Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam makanike, Allah ya yi wa sana'a albarka. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya riƙe. In aka ajiye Tiger ɗaya da T-34 ta Tarayyar Sobiyet ɗaya a fili fetal, to gaskiya ni ma bayan Tiger zan ɓuya. Ta fito a 1942, nauyinta wajen tan 57, sulken gabanta kaurin milimita 100, ga igwa mai bakin milimita 88 da kan fasa tanka tun daga nesa kafin na ciki ma su san daga ina aka harbo.

To amma kai da kake kwana ƙarƙashin mota kai ya kamata ka fi kowa gane inda gizo ke saƙar. Tayoyin ƙarfen da kacar Tiger ke birgima a kansu a sarƙe suke, wannan ya shiga bayan wancan, in na can ciki ya lalace sai ka kwance na waje da dama kafin hannunka ya kai gare shi, kuma a sanyin Rasha laka na shiga tsakaninsu da dare ta daskare, gari ya waye tanka ta ƙi motsi. Sanyin Jos na Disamba da muke kuka da shi wasan yara ne. Ga shan fetur kamar ba gobe, ga faɗi, har sai an canza mata kaca zuwa siririya kafin ta hau jirgin ƙasa. Duka-duka kuma guda 1,347 aka ƙera.

Ita T-34 tun 1940 aka fara ƙera ta, ba wani kyau gare ta ba, giyarta ma a farko tauri gare ta har direba kan haɗa da guduma, yawancin na farkon kuma ba rediyo. Amma injin dizal ne, kacarta mai faɗi bata nutsewa a taɓo, sulkenta milimita 45 ne kawai sai dai a karkace aka ɗora shi, harsashi in ya zo yakan goce. Dabarar nan ta burge Jamusawa har suka kwaikwaya a tankarsu Panther a 1943. Da Jamus ta matso, Rashawa suka kwance masana'antu suka loda a jirgin ƙasa zuwa tsaunukan Ural suka ci gaba da aiki, kafin yaƙi ya ƙare sun fitar da fiye da 50,000. Amurka ma ta ƙera tankarta Sherman kusan 49,000. Kaga sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi kenan, in ka fasa biyar goma na tafe.

Af, kuma garinku ma da hannunsa a yaƙin. Da Japan ta ƙwace Malaya (a Malesiya ta yanzu) a 1942 Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Filato, aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su haƙar kuza dole, abin da tsofaffi ke kira diban gwamna, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a nan.

Ka faɗa wa abokinka ya ci rabin musu, kai ka ci rabi, kuɗin shayi kowa ya biya nasa.