Ganin dama, son zuciya da "dole ƙanwar na ƙi"

Wata malamar makaranta daga Katsina ta tambaya: wace kalma ce ta fi dacewa da 'yancin da mutum ke da shi na zaɓa wa kansa abin da zai yi, kuma wanda aka tilasta wa abu, za a ce ya zaɓa?

Malama, kada ki ce son zuciya. Wannan kalmar zargi ce, shi ya sa ake cewa son zuciya ɓacin zuciya. Abin da kike nema shi ne ganin dama ko raɗin kai. In aka ce mutum ya yi abu bisa raɗin kansa, to ba wanda ya tsaya masa a ka.

Tilas kuwa iri biyu ce a bakin Bahaushe. Akwai wadda hali ke kawowa, kamar manomin da fari ya sa ya sayar da sansa na huɗa. Irinta ce ake cewa ba ta rasa ɗakin kwana. Akwai kuma ta hannun mutum, wato tursasawa, irin ɗiban gwamna da Turawa suka yi daga 1942 zuwa 1944, suna kwasar talakawa zuwa haƙar kuza a Jos. Ta farko ba ta da wanda za a kama da laifi, ta biyu tana da shi.

Karin maganar da ta fi taɓa ni ita ce "dole ƙanwar na ƙi". Ki lura, ba a ce dole ta kashe "na ƙi" ba. 'Yan ɗaki ɗaya ne, kuma "na ƙi" ce babba, ita ta riga zuwa. Yarinyar da aka yi wa auren dole, aka kai ta ɗakin miji tana kuka cikin mayafi, ƙafarta ta tafi, amma ƙin yana nan a ranta. Ba na jin daɗi in na ji an kira wannan yarda.

Malamanmu na fiƙihu ma sun bambance yarda da tilas. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya ce sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa. An yi masa bulala a Madina a zamanin Abbasiyawa saboda wannan fatawa, don mahukunta sun gane ta shafi mubaya'ar da aka karɓa da ƙarfi, amma bai janye ba.