Zan iya kwaikwayon ginin makarantar likitanci ta Columbia a filin Kano?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a sashen zanen gine-gine, an ba mu aikin zana makarantar koyon likitanci a tsakiyar Kano kuma filin ɗan ƙarami ne. Na ga hoton ginin Vagelos na Jami'ar Columbia, duk gilashi, ya burge ni sosai. In bi salonsa ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanena. Gaskiya ka iya zaɓe, ni ma ginin nan yana cikin waɗanda nake so. Amma kafin ka ɗau fensir ka fahimci matsalar da aka zana shi don ya warware.

Ginin yana unguwar Washington Heights ne a birnin New York na Amurka, kusa da kogin Hudson, an buɗe shi a 2016. Kamfanin Diller Scofidio + Renfro ne suka zana tare da Gensler. Hawa 14 ne, faɗin cikinsa gaba ɗaya kamar murabba'in ƙafa 100,000. Matsalarsu irin taka ce sak, ba fili. To ɗalibin likitanci kuma ba a aji kaɗai yake karatu ba, rabin abin da ya sani a bakin abokansa ya ji, bayan lacca, ana ta musu kan wata jijiya. A jami'a mai fili wannan hirar ƙarƙashin bishiya ake yinta. Su da ba su da wajen bishiya sai suka ɗauki tsakar gidan suka tsayar da ita a tsaye: duk ɓangaren kudu na ginin matakala ce mai lanƙwasa tun daga ƙasa har sama, nan ta buɗe ta zama wajen zama, can ta zama ɗan lungun da mutum ɗaya zai buɗe kwamfuta, gaba kuma baranda ce da za ka fita ka sha iska. Ajujuwa da ofisoshi aka tura su arewa. Har daben kowane hawa ma sun saka ƙwallayen roba marasa komai a ciki cikin kankaren don nauyi ya ragu.

Wannan dabarar ita za ka ɗauka. Gilashin kam ka bar musu.

New York tana can sama da digiri 40 arewa da layin Ikwaita (layin da ya raba duniya biyu), lokacin sanyi rana ƙasa-ƙasa take bi ta kudu, shigowarta ɗaki alheri ne. Kano kuwa wajen digiri 12 take, rana bisa kai take wucewa, kuma a watan Afrilu zafi kan haura 40 a ma'aunin Celsius. Ka sa bangon gilashi ya kalli yamma, wallahi daga azahar ba ɗalibin da zai zauna wajen, sai dai a yi ta ƙona man janareta ana hura sanyi, sannan ga ƙurar hunturu, wa zai riƙa goge hawa goma? Ka juya dogayen fuskokin ginin su kalli arewa da kudu, gabas da yamma ka ba su bango mai kauri da ƙananan tagogi. Matakalar taka ka lulluɓe ta da bulo mai huji-huji ko baranda mai zurfi, haske ya shigo, iska ta ratsa, rana ta tsaya waje.

Abu ɗaya da ɗalibai ke yawan mantawa shi ne ɗakin nazarin gawa. Maganin da ake adana jiki da shi, wato fomalin, yana sa hawaye da ƙaiƙayin maƙogwaro, don haka iskar ɗakin ba a haɗa ta da ta sauran gini, janyo ta ake a fitar can sama. Kuma ka ba shi ƙofa da lif nasa ta baya, kar a zo wucewa da mamaci ta gaban masu cin abinci, mutum ne, yana da haƙƙin sutura. Ni da zan duba aikinka nan zan fara kallo kafin fuskar ginin.

Sai ɗakunan gwaji, inda ake kwaikwayon ɗakin tiyata da na duba mara lafiya da mutum-mutumi. Ka auna ƙofofin da faɗin gadon asibiti, ka bar ɗan ɗaki a gefe inda malami zai zauna yana kallo. Kar ka manta masallaci da wajen alwala kusa da matakala, kuma ka zana hanyar ƙafa mai inuwa har ƙofar asibitin koyarwa, don 'yan ajin sama kullum suna kai da komo tsakanin biyun.