Tambayi Mai Gyara: Lasifikar da za ta kai sauti kowane ɗaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Yelwa, nan Garwa. A gidana akwai falona a gaba, sai ɗakin mahaifiyata, sai sassan iyalina biyu, tsakar gida ta raba mu. Ina so in sa karatun Alƙur'ani da asuba, ko tafsiri da azumi, ya riƙa fita a duk ɗakunan lokaci guda, in kuma an ga dama kowane ɗaki ya saurari nasa. Ba na son a farfasa mini bango a ja igiyoyi. Wani abokina mai zuwa Dubai ya ce in ba shi kuɗi ya sayo mini lasifikokin Sonos guda huɗu. In ba shi?
Alhaji, daga Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya saka da alheri bisa wannan niyya, musamman da ka tuna da ɗakin Hajiya. Amma kuɗin nan ka riƙe su tukuna. Ba don Sonos ba ta da kyau ba. Kamfanin tun 2002 yake a Kalifoniya ta Amurka, wannan aikin ne sana'arsa, kuma sautin kayansa ba shi da makusa. Abin da ya sa na ce ka dakata shi ne, masu ƙera irin waɗannan lasifikoki sun yi su ne suna tunanin gidan da ba a ɗauke wuta, intanet kuma kwance yake dare da rana ba lissafi. Gidajenmu ba haka suke ba. Saboda haka kafin a zo kan sunan kamfani, sai mun duba gidanka da kansa.

Ga yadda abin yake aiki. Kowace lasifika tana da ƙaramar kwamfuta a cikinta, tana kama Wi-Fi na gida kamar yadda wayarka take kamawa. In ka danna a manhaja ka ce falo da ɗakin Hajiya su haɗu, sai su daidaita agogonsu da juna ta yadda kunne ba zai ji ɗaya ta riga ɗaya ba. Wannan daidaiton shi kake biya wa kuɗi. In babu shi, mai tsayuwa a tsakar gida zai ji ayar tana fitowa sau biyu, ɗaya na bin ɗaya, kuma babu wanda zai iya sauraron karatu a haka. Sannan ka sani, kowaccensu tana buƙatar soket na wuta a ɗakin da take. Igiyar sauti ce kawai aka huta da ita.

To, tunda Wi-Fi ne hanyarsu, tambayar farko ita ce: yana kai wa ɗakin Hajiya? Ka gwada yau da kanka, ba sai ka biya kowa ba. Ka kashe datar layinka, ka bar wayar a kan Wi-Fi kaɗai, ka shiga kowane ɗaki ka rufe ƙofa, ka tsaya daidai inda kake so a ajiye lasifikar, ka kunna bidiyo na minti biyar. In ya riƙa tsayawa yana juyi, lasifika ma haka za ta yi, ko da ta miliyan ce. Na shiga gidaje da dama a Garwa da Gidar, kuma abin da na fi gani yana kashe sigina shi ne ƙofar ƙarfe, sai bangon siminti mai rodi, sai tsohon ginin ƙasa mai kauri. Rauta, wato akwatin da ke watsa Wi-Fi a gida, yawanci tana da zango biyu, 2.4 da 5 GHz. Na 5 ya fi gudu amma bango biyu sun ishe shi; na 2.4 shi ne mai haƙurin ratsa gini. In kuwa ɗan ƙaramin akwatin nan na aljihu kake amfani da shi, wanda ake sa wa layin MTN ko Orange, to ba zai ɗauki gida mai sassa huɗu ba. Ka nemi rauta babba mai eriya, ka ɗora ta sama a wurin da ke fuskantar tsakar gida. In har yanzu akwai sashen da bai samu ba, a ƙara irin na'urorin nan masu miƙa wa juna sigina, kamar Deco na TP-Link, ko a ja kebul ɗin intanet guda ɗaya tak ta ƙarƙashin rufi. Wannan kebul yana tafiya har mita 100 ba matsala, kuma ba ya buƙatar a fasa bango. Na san ka ce ba ka son igiya, amma wannan ɗayar ina roƙon ka yarda da ita in ta kama.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi komai nauyi, shi ne: daga ina sautin zai fito? Mafi yawanmu karatun malamai da tafsiri a katin memori suke, ko a filash, ko an turo mana ta WhatsApp suna cikin waya. Su kuwa waɗannan na'urori sun fi son su ɗebo daga intanet, ta Spotify da rediyoyin yanar gizo da makamantansu. Bari mu yi lissafi. Sauti matsakaici mai kilobit 128 yana cin wajen megabait 58 a awa. Awa uku kullum, a wata ka haura gigabait 5. Wannan in duk ɗakunan abu ɗaya suke ji ke nan, don a lokacin sau ɗaya ake jawo shi a rarraba. Ranar da kowane ɗaki ya kunna nasa, sai ka ninka huɗu. Me zai sa ka sayi data don jin abin da yake aljihunka?

A nan ne Sonos take da ɗan cikas. Tun 2023 suka cire damar kunna abin da ke cikin wayar Android kai tsaye daga manhajarsu, kuma Tecno da Infinix da Itel da muke riƙewa duk Android ne. Akwai mafita: samfurin Era 100, wanda ya fito a 2023, yana da Bluetooth, sai ka tura masa daga waya shi kuma ya raba wa sauran ɗakunan ta Wi-Fi. Sai dai wayar za ta zauna kusa da shi har a gama. Tsohon samfurin Sonos One ba ya karɓar sauti ta Bluetooth, don haka kada abokinka ya ga ya fi araha ya kwaso shi. AirPlay 2 da za ka ga an rubuta a kwali kuwa na masu iPhone ne.

Da ni ne, ga abin da zan fara dubawa. Denon suna da tsarin da suke kira HEOS, kuma lasifikarsu Denon Home 150 tana da ramin filash a bayanta, da ramin ƙaramar igiyar sauti, da na kebul ɗin intanet. Ka cika filash da saukar Alƙur'ani da tafsirin shekara, ka soka a ta falo, sauran ɗakuna su ɗauka daga gare ta ta rautar gida, ba tare da an taɓa data ba. Za ta nemi intanet ranar da ake saita ta da lokacin sabunta manhaja, wannan kam babu makawa. Tana kuma da maɓallai uku a samanta da ake ajiye tasha a ciki. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma ka tuna da Hajiya. Dattijuwa ba za ta riƙa neman jika ya buɗe mata manhaja duk sanda take son jin karatu ba. A saita mata ta yadda taɓawa ɗaya za ta kunna, taɓawa ɗaya ta rage murya. In na'ura ba za ta yi mata haka ba, ba ta dace da ɗakinta ba.

Hanya ta biyu ta fi sauƙin kuɗi, kuma ita nake yawan ba mutane shawara. Kusan kowane sashe a gidajenmu akwai rediyo babba ko lasifikar talabijin da ke aiki lafiya. Akwai ƙaramin akwati mai suna WiiM Pro da ake jona wa irin waɗannan da igiyar sauti, sai su shiga tsarin ɗakuna da yawa. Yana da ramin shigar da sauti, wato za ka iya jona masa rediyonka ta gida, labaran safe na BBC Hausa ko RFI ko wata tashar FM ta gari su fita duk gidan. Yana kuma karɓa daga wayar Android ta Google Cast, abin da ƙaninsa WiiM Mini ba ya yi. Abu guda kawai: duk wanda ka zaɓa, ka tsaya a kansa. Sonos ba ta haɗuwa da Denon a manhaja ɗaya, haka MusicCast na Yamaha shi ma gidansa daban.

Sai maganar wuta, wadda ita ce take kawo mini yawancin kayan da ke kan teburina. Wutarmu ta arewa ta dogara sosai da dam ɗin Lagdo, kuma kowa ya san yadda ake ciki in ruwa ya ja baya a bazara. Ɗaukewar ba ita ce ke ƙona kaya ba, dawowar ce, lokacin da ta zo da ƙarfi. Kowace lasifika a sa mata abin kariya na soket, irin wanda ake sa wa firij mai jinkirta wuta in ta dawo. Rauta kuma a saya mata ɗan batirin ajiya mai bolt 12, don in ta mutu duk tsarin ya mutu, ko da lasifikokin na kan sola. Cinsu ba shi da yawa, inbata ƙarama za ta riƙe su. Zafi ma abin lura ne. Yawancin irin waɗannan kaya iyakarsu digiri 40, mu kuwa a Maris da Afrilu muna wuce haka a inuwa. Kada a ɗora ta dab da rufin kwano ko a taga mai rana, kuma da hunturu a riƙa lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura in ba a amfani da ita.

Game da kuɗi, an fito da Era 100 a Turai a 2023 a kan Yuro 279. Da yake Yuro ɗaya sefa 656 ne, a wancan farashin guda ta kama wajen dubu 183, huɗu sun haura dubu 730, ban da kuɗin ɗauko da na kwastam. Kuma in ta lalace ba ka da inda za ka mayar. Ka kuma sani a watan Mayu na 2024 kamfanin ya sauya manhajarsa, abin ya rikita wa mutane kaya a duniya har shugabansa ya sauka a farkon 2025. Na kawo wannan ne don ka ga cewa lasifikar da ba ta motsi sai da manhaja, ragamarta tana hannun wasu. Shi ya sa nake son mai ramin igiya da Bluetooth, wadda za ta yi magana ko manhaja ta ƙi.

Shawarata ka sayi biyu kawai yanzu, ɗaya falonka ɗaya ɗakin Hajiya, ku yi wata guda da su. In sun zauna lafiya, sai ka ƙaro na iyali, iri ɗaya kuma rana ɗaya, ka san dalili. Ka kuma zaunar da gida a yi magana, domin duk wanda ke da lambar sirrin Wi-Fi da manhajar zai iya ƙara murya ko sauya abin da ake ji a ɗakin wani. A yi ƙa'ida tun farko: bayan karatun asuba, kowace mai ɗaki ita ke da iko da tata. Maƙwabta ma suna da haƙƙi, a bar murya iya ɗaki.

TAMBAYA: Malam, ina da JBL Charge 4, na sayo Flip 6 don in haɗa su, ɗaya a kicin ɗaya a ɗaki. Sun ƙi haɗuwa. Ko jabu aka sayar mini?
Wata 'yar'uwa, daga Ngaundare

AMSA: 'Yar'uwa, ba lallai jabu ba ce. JBL sun sauya hanyar haɗa lasifikokinsu fiye da sau ɗaya. Charge 4 tana amfani da Connect+, Flip 6 kuma PartyBoost, sababbin da suka biyo baya kamar Flip 7 sun koma Auracast, kuma ba sa jin yaren juna. Flip 6 ɗinki za ta haɗu da Flip 5 ko Charge 5. In mai shagon zai yarda, ki musanya. Amma ki sani wannan haɗin na Bluetooth ne, abu ɗaya za su riƙa faɗa tare, kuma in bango ya shiga tsakani ko tazara ta yi yawa zai riƙa yankewa. In kicin ɗinki na jikin ɗakin ne, zai wadatar, ga shi suna da batir, ɗauke wuta ba ruwansu.

TAMBAYA: Yayana da ke Amurka zai aiko mini Amazon Echo guda biyu. Za su yi aiki da wutarmu? Kuma za su ji Hausa?
Wani ɗalibi, daga Njamena

AMSA: Ƙanena, wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Chadi da Kamaru 220. Ka ce wa yayanka ya karanta jikin cajar. In an rubuta 100 zuwa 240, lafiya lau, ɗan kan soket kawai za ka saya mai ƙafa biyu zagayayyu. In 120 kaɗai aka rubuta, kada ka soka. Hausa kam Alexa, wato muryar da ke amsa maka a cikin Echo, ba ta ji. Za ka yi mata Faransanci ko Turanci ko Larabci, kuma Larabcin ma ba irin na kasuwar Njamena ba. Kusan duk abin da take yi sai da intanet, in data ta ƙare ta zama lasifikar Bluetooth kawai. Tana da makirfo da ke jiran a kira sunanta kullum, don haka in a ɗakin kwana za ka ajiye ta, akwai maɓallin kashe shi a samanta, ka danna har fitilar ta yi ja. In bai riga ya saya ba, ka ce ya aiko maka mai batir da Bluetooth a madadinsu.